Danjar Mota Ta Mutu? Bi Ta Daki-daki Kafin a Feɗe Maka Waya

Idan fitilar gaba ta mutu, direba ne yake fara sani, domin hanya ce za ta yi masa duhu. Danjar baya ba haka take ba. Tana iya shafe makonni a mace mai mota yana ta harkarsa, daga Kawo zuwa Kasuwa, daga Kasuwa zuwa Barnawa, bai san abin da ake ciki ba sai ranar da jami'in KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, ko na hukumar kiyaye haɗurra ya ɗaga masa hannu. Wannan ma da sauƙi, tara ce ko jan kunne. Abin da ke tayar min da hankali shi ne hanyar Zariya ko ta Abuja da daddare, cikin hazon hunturu ko ruwan Agusta, ga tirela a bayanka, direbanta bai san da kai ba sai ya zo daf. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Aka makara daƙiƙa biyu wajen hango ka, an ci fiye da mita 50.

Gyaran kuwa galibi ba wani abin a zo a gani ba ne. Gaggawa ce ke ɓata shi. Mutum ya kai mota wurin mai wayarin, kafin ya gama bayani an zaro reza an fara feɗe tef, an ja sabuwar waya daga gaba zuwa baya, alhali ƙwai ne kawai ya ƙone ko noti ɗaya ya yi tsatsa. Shi ya sa nake so ka bi abin bisa tsari: a fara da kallo, sai ƙwai, sai fis, sai soket da wayar jiki, wato wadda ke mayar da wuta ta ƙarfen mota, sai makunni. Waya ce ta ƙarshe.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai baki biyu da mai huɗu, sifana lamba 8 da 10, ɗan guntun samfefa, baƙin tef, waya mai tsawon kamu huɗu ko biyar, da tasta mai ƙwai ta bolt 12, wadda ke da tsini a gaba da maƙali a ƙarshen wayarta. Tastar gida ta wutar NEPA ba ta yi, wutar mota ba ta isa ta kunna ta ba. In kana da mitar auna wuta, to madalla.

Fara da gane wacce ce ta mutu

A cikin gidan fitilar baya akwai wuta kala-kala, kowace da hanyarta. Akwai ƙaramar ja da ke kamawa da zarar ka kunna fitila. Akwai ja mai ƙarfi ta birki. Ga sigina, ga farar ribas, ga 'yan ƙananan da ke haska lambar mota. Yawancin motoci kuma suna da ta birki ta uku a saman gilashin baya ko a kan but. Wanda ya ce "danja ba ta kamawa" ya yi shiru bai faɗi komai ba tukuna.

Bayan magariba, ka ja motar da baya kusa da bango, ka bar tazarar taku biyu, ka riƙa kallon hasken da ke faɗa wa bangon ta madubi. In da yaro a kusa ka tsayar da shi a baya ya fi, amma ka ja birkin hannu, kuma in za ka gwada ribas ka kashe inji ka bar makulli a kunne kawai. In kai kaɗai ne, jingina wayarka a kan dutse tana ɗaukar bidiyo. Kunna ƙaramar wuta. Taka birki. Sa sigina hagu, sa dama. Sa ribas. Sannan, kuma wannan ne mutane ke tsallakewa, ka haɗa su: ƙaramar wuta a kunne, ƙafa a kan birki, sigina na ƙiftawa, duk a lokaci guda.

Kafin ka yanke hukunci, duba makunnin fitilar kansa. Motoci da dama da ake shigo da su suna kunna fitilar gaba da kansu da zarar inji ya tashi, dare ko rana. Kanada ta wajabta wannan tun ƙarshen 1989, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a kan sababbin samfura daga 2011. Matsalar ita ce a yawancinsu wannan hasken na gaba ne kaɗai, baya duhu ne. Ga dashbod yana haske, ga ɗan haske a kan titi, sai direba ya ɗauka ya kunna fitila. Kana iya ganin irinsu a titin Ali Akilu bayan isha'i, mota tsaf-tsaf, bayanta baƙi ƙirin. Ba abin da ya lalace, makunni ne ba a murɗa ba.

Yanzu karanta abin da ka gani. Gefe ɗaya ya mutu, ɗayan na aiki: kusan kullum ƙwai ne ko soket. Sai dai motocin Jamus irin su Golf 3 suna raba fis, hagu daban dama daban, don haka in ƙaramar wutar gaba ta wannan gefen ita ma ta mutu, fis za ka fara dubawa. Ƙananan wutar duka biyu sun mutu tare da fitilar lamba, wataƙila har da hasken dashbod: fis ne, ko rile, wato ɗan makunni mai aiki da lantarki da ke cikin akwatin fis, ko makunnin sitiyari. Ƙaramar wuta lafiya amma birki ba ya kamawa ko'ina: fis ɗin birki ko makunnin da ke saman feda. Ta ukun da ke sama tana kamawa, na ƙasa biyu ba sa yi: fis da makunni lafiya suke, ƙwayayen ne suka ƙone ɗaya bayan ɗaya ba ka lura ba. Sigina na ƙiftawa da sauri-sauri fiye da yadda ta saba: ƙwanta ɗaya ya ƙone a wannan gefen, gaba ko baya. In kuwa fitilun suka rikice, ka taka birki ƙaramar wuta ta dushe, ka sa sigina dukkan jan ya kama rawa, to wayar jiki ce, kuma za mu daɗe a kanta.

Ƙwai

Kashe fitila ka ba ta minti biyu ta huce, ƙwan birki yana ƙona yatsa. Buɗe but. A yawancin motoci akwai ɗan murfi ko kafet a bayan fitilar, ka ɗage shi za ka ga sokoti da wayoyi na shiga. Murɗa soket ɗin zuwa hagu kaɗan, ya fito da ƙwansa. A wasu motocin sai ka kwance noti biyu ko uku ka zaro gidan fitilar gaba ɗaya. Ja shi a miƙe, a hankali, domin akwai 'yan ƙusoshin roba da ke riƙe da shi, in suka karye fitilar ba za ta sake zama daram ba, ruwa kuma ya sami hanya.

Ƙwai iri biyu za ka tarar. Mai gindin ƙarfe, wanda ake dannawa a murɗa hagu ya fito, da mai gindin gilashi ko roba, wanda ake zarowa kai tsaye.

Ɗaga shi ka kalli cikinsa a haske. A motoci da yawa ƙwai ɗaya ne ke aikin ƙaramar wuta da na birki, don haka za ka ga zare biyu a ciki. Mai kaurin na birki ne, wat 21. Siririn na ƙaramar wuta ne, wat 5. Ɗaya na iya tsinkewa ɗayan na aiki, shi ya sa za ka ga birki na kamawa ƙaramar wuta ba ta yi, a ƙwai guda. Gilashin da ya yi baƙi ya kusa mutuwa ko da yana kamawa. Wanda ya yi fari-fari kamar hayaƙi ya shige shi, ya tsage iska ta shiga, ya gama. Wani lokaci zaren a tsinke yake amma bakinsa na taɓa juna, sai ka ɗan ƙyasta gilashin da farce ka ga yana lilo. Irin wannan ne ke kamawa a tsaye, ka faɗa rami ɗaya a hanyar Rigasa ya ɗauke.

Ido na iya ruɗi, don haka gwajin da ya fi kowanne shi ne musanya. Ciro na gefen da ke aiki ka sa a gefen da ya mutu. Ya kama? Ƙwai ne, magana ta ƙare. Bai kama ba? Ƙwanka ba shi da laifi, kada ka sayi sabo.

In za ka saya, tafi da tsohon a aljihu. Lambar na rubuce a gindinsa. Mai gindin ƙarfe da zare biyu shi ne P21/5W, a motocin Amurka kuma kusan takwaransa 1157. Mai zare ɗaya na sigina ko ribas P21W ne ko 1156. Toyota da Honda da yawa suna amfani da 7443 mai gindin gilashi. Na lambar mota galibi ɗan ƙaramin W5W ne. Ka duba ƙarfin wutar kuma: na tirela da manyan motoci bolt 24 ne, girmansu ɗaya da naka, ka sa shi zai kama amma dishi-dishi.

Ga inda ake yawan yin ɓarna. Juya ƙwai mai zare biyu ka ga gindinsa: ɗigon dalma biyu ne a ƙasa, kuma 'yan ƙusoshin gefensa biyu ba a layi ɗaya suke ba, ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa. An yi haka ne don ya shiga ta fuska ɗaya tak. In ya ƙi murɗuwa, zaro shi ka juya, kada ka sa ƙarfi. Wanda aka cusa a juye zai sa ƙaramar wuta ta yi ƙarfin birki, ta birki kuma ta yi rauni. Na bayanka ba zai gane ka taka birki ba, zafin kuma ya narkar da robar fitilar. Haka in aka tura mai ɗigo ɗaya a soket mai biyu: ɗigon zai haɗe layukan biyu, ka taka birki ka ga dashbod da ƙananan fitilun gaba sun kama. Mutane sun sha kashe kuɗi neman wannan "aljanin" a cikin waya, alhali yana cikin ƙwan da aka sa jiya.

Kuma araha ba ta ado. Ƙwan da ba suna ba lamba a jikinsa ba ya jure ramukanmu. In ɗaya ya ƙone don tsufa, sauya biyun, ɗan'uwansa na kan hanya.

Fis

Akwatin fis yawanci biyu ne: ɗaya a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, ɗaya a cikin bonet kusa da batir. A bayan murfin akwai zane. A Toyota nemi wanda aka rubuta TAIL na ƙaramar wuta da STOP na birki. A Honda za ka iya ganin SMALL LIGHT. Motocin Turai lamba suke sawa ko hoton fitila, sai ka duba littafin motar in yana nan, ko ka nemi zanen samfurinka da shekararsa a intanet.

Launin fis shi ke faɗin ƙarfinsa. Ruwan ƙasa amfiya 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ba sai ka ciro shi ba kafin ka gwada. A bayan kowane fis akwai 'yan ɗigon ƙarfe biyu. Maƙala tasta a ƙarfen mota marar fenti, kunna ƙaramar wuta, ka taɓa ɗigon farko, ka taɓa na biyu. Duka biyu sun kunna tasta: fis lafiya. Ɗaya kawai: ya ƙone. Babu ko ɗaya: wuta ba ta iso fis ɗin ba ma, sai a koma kan rile ko makunnin sitiyari. Rile ma da musanya ake gane shi. Nemi wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na hon, ka sauya musu wuri ka gani.

Ka mayar da fis mai ƙarfi daidai da wanda ka ciro. A nan ba na sassautawa. Kada ka sa na 30 a gurbin na 10. Kada ka yarda a naɗa silin waya ko takardar kwalin taba a ce "ka lallaɓa da shi". An yi fis ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Wayar ƙaramar wuta siririya ce, domin ƙwai mai wat 5 bai kai rabin amfiya yake ja ba. Ka cire mata fis, ranar da ta taɓa ƙarfe za ta yi ja, ta narkar da rigarta da ta maƙwabtanta a ƙarƙashin kafet inda ba ka gani. Garin neman gira a rasa ido. Motar da ka gani tana ci da wuta a bakin titi ba tare da karo ba, sau da yawa daga irin wannan ta fara.

Ka sa sabo ya zauna, shi ke nan, amma ka sa ido kwana biyu. Ka sa ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe. Kafin ka ƙona kwalin fis guda, tambayi kanka aikin da aka yi wa motar kwanan nan. An sa sabon rediyo ko allon nan mai taɓawa? A bayan rediyo akwai wayar hasken maɓallai, wadda ke kan layi ɗaya da ƙaramar wuta a motoci da yawa. Idan fitila a kashe take, wannan wayar kan ruɗi mai gwaji ya ɗauka wayar jiki ce ya haɗa ta da ƙarfe. Da rana komai lafiya, da magariba ka kunna fitila fis ya tafi. Haka kyamarar ribas, da na'urar bin sawun mota, da fitilun kwalliya da ake liƙawa a ƙasan but.

In ba a yi wani aiki ba, cire filogin fitilar hagu da na dama da na lamba, sa fis, kunna. Ya zauna? Mayar da su ɗaya-ɗaya, wanda ya ƙona shi nan ɓarnar take. Akwai wata dabara ta tsofaffin masu wayarin da nake so ƙwarai: a haɗa ƙwai mai wat 21 da waya biyu, a soka su a gurbin fis. Muddin waya na taɓa ƙarfe, ƙwan zai yi haske tar. Sai a bi wayoyin ana motsa su da hannu. Inda aka taɓa hasken ya dushe ko ya yi ƙifta, nan ne. Ba a ƙona fis ko ɗaya ba, ba a yanka komai ba.

Soket da wayar jiki

Ƙwai lafiya, fis lafiya, wuta ba ta kama ba. Leƙa cikin soket da tocila. Kore-kore ko fari-fari a kan ƙarfen alamar ruwa ne ya kwana a wurin. Baƙi ko robar da ta narke alamar zafi ne, ƙarfen bai matse ƙwan da kyau ba. Kashe fitila, naɗe samfefa a bakin sukudireba ka goge har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka ɗan ɗago harshen da ya kwanta. Wanda ya narke kuwa a sauya shi, ba ya gyaruwa.

Sai gwaji. Tasta a maƙale da ƙarfe mai kyau, fitila a kunne, taɓa harshen da ke cikin soket, ka kula tsinin kada ya haɗa harshen da bangon soket. In ta kama, wuta na isowa. To me ya hana ƙwan kamawa?

Wutar lantarki kamar ɗan aike take, sai ta je ta dawo aiki ya cika. Waya ce ke kawo ta daga batir, amma komawa ta jikin ƙarfen motar take yi. Kowane gidan fitila yana da waya guda da aka ɗaure da noti a jikin mota, galibi a cikin but bayan kafet. A Toyota fara ce mai baƙin layi, a Honda baƙa, a motocin Jamus ruwan ƙasa. Idan wannan notin ya yi tsatsa ko ya saki, wutar za ta nemi wata hanyar komawa, sai ta bi ta cikin sauran ƙwayayen. Shi ne rikicewar da ka gani a bango: birki na kashe ƙaramar wuta, sigina na jan ribas, komai na haske rabi-rabi.

Tabbatar da shi abu ne mai sauƙi. Ɗauki guntuwar wayarka, baki ɗaya a wayar jikin soket ko bangonsa na ƙarfe, ɗaya bakin a noti mai tsabta a jikin mota. In fitilun suka dawo hayyacinsu nan take, ka kama ɓarawon. Kwance notin, goge kan wayar da wurin zamanta har farin ƙarfe ya fito, ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a kai saboda damina.

Wurare biyu nake fara zargi. Na farko, motar da aka taɓa buga wa baya aka kai ta gyaran jiki da fenti. Mai fenti ya fesa ko'ina, aka mayar da wayar a kan sabon fenti, fenti kuwa ba ya wuce da wuta. Na biyu, filogin da ke shiga gidan fitilar. Kaduna garin Peugeot ne, a 1975 aka fara harhaɗa su a Kakuri, kuma masu 206 da 307 sun san wannan ciwon: ƙafar wayar jiki a cikin filogin takan yi zafi ta ƙone, ka zaro ka ga rami ɗaya ya yi baƙi sauran fes. Maganinsa mai ɗorewa shi ne a ƙara wata wayar jiki daga farantin ƙwayayen kai tsaye zuwa ƙarfen mota.

Makunnin birki

Kwanta a ƙasan sitiyari da tocila, ka bi sandar fedar birki zuwa sama. Za ka ga ɗan makunni da tsinke a bakinsa yana jingine da sandar. Ka taka, sandar ta matsa, tsinken ya fito, wuta ta tafi baya. A mota mai giya otomatik, in wannan makunnin ya mutu sau da yawa giya kan ƙi fita daga P, domin motar ba ta san ka taka birki ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda za ka duba. In filoginsa waya biyu ne, zare shi ka haɗa ramukan biyu da guntuwar waya: danja ta kama, makunnin ne ya mutu. In huɗu ne kada ka yi ta haɗe-haɗe da ka, biyu daga ciki na zuwa kwamfutar mota ne.

Akwai kishiyar wannan, wato wutar birki ta ƙi mutuwa ko an zare makulli, da safe a tarar batir ya sauka. Kafin ka zargi kowa duba kan tabarmar ƙafar direba. In ka ga 'yan gutsattsarin roba kamar an farfasa maɓallin riga, to ga amsar. A Honda da Toyota da Nissan da dama akwai wata 'yar roba a jikin sandar feda, ita ce ke danne tsinken makunnin. Shekaru da zafin motar da ke yini a rana suna busar da ita ta ruguje, tsinken ya faɗa cikin ramin da ta bari. Sabuwar robar ake dannawa a wurin. Kafin ka samu, ɗan noti da ya cike ramin zai riƙe ka, ko ka cire fis ɗin birki in za ka kwana, amma ka mayar da shi kafin ka tayar da mota.

Ribas kuwa, in ƙwai da fis lafiya, makunninta na jikin giyabos. Wannan aikin makanike ne.

Sai yanzu waya

Idan wuta na fita daga fis amma ba ta isa soket ba, waya ta tsinke a tsakani. Ba ko'ina take tsinkewa ba. Fara da inda take lanƙwasa kullum: gindin murfin but, kusa da hinji, ko cikin robar nan mai kama da maƙogwaro a motoci masu ƙofar baya irin su Golf da Sharan. Buɗewa da rufewa na shekaru kan karya tagullar a ciki rigar na nan lafiya. Kunna fitila, ka riƙa ɗaga but kana saukewa. In wutar na zuwa tana ɗaukewa, ka samu. Sai kuma duk inda ka ga tsohon tef, wato inda wani ya taɓa aiki, da inda kaya ke gogar waya a cikin but, da ɓarnar ɓera in motar ta daɗe a ajiye. Tsofaffin Camry na shekarun 1990 suna da wani ɗan akwati a cikin but mai lura da ƙonewar ƙwai, wutar baya ta cikinsa take bi, kuma dalmar cikinsa kan tsage ta kashe fitilu alhali komai lafiya.

Kafin a yanka ko a haɗa waya, a cire kan batir mai alamar ragi. A haɗa da dalma, a rufe da kyau. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da tef gyaran gangar Auzinawa ne, damina ɗaya zai yi ya koma kore.

In ƙwai na yawan ƙonewa, abu biyu za ka duba. Ruwa a cikin gidan fitila, wanda za ka gani kamar gumi a gilashin bayan ruwan sama ko bayan an wanke mota da injin feshi: ciro gidan, shanya shi, nemi tsagar ka toshe da silikon, ka duba robar da ke tsakaninsa da jikin mota. Sai cajin altaneta: inji na aiki, mita a kan batir ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Ya haura 15, altaneta na dafa maka ƙwayaye, kuma batir ne zai biyo baya.

Sababbin motoci masu fitilar LED daga kamfani ba su da ƙwan da za ka zaro, gidan ake sauyawa ko a kai wa mai gyaran lantarki ya duba farantin. Yawancinsu kuma kwamfuta ce ke raba wutar, don haka tasta mai ƙwai ba ta shiga ko'ina, mita ake amfani da shi, kuma duk filogi mai launin rawaya a bar shi, na jakar iska ne. Masu sa ƙwan LED a tsohuwar mota su sani: in bai kama ba a juya shi, wasu ta fuska ɗaya suke karɓar wuta, kuma a sigina zai sa ta ƙiftawa da sauri saboda ba ya jan wuta kamar na asali. A bayan jan gilashi a sa ja, fari kan wanke launin ya koma ruwan hoda.

In ta kai ga mai wayarin

Ka je da bayani a bakinka. "Oga, ƙaramar wutar hagu ce ba ta kamawa, birki na yi. Na musanya ƙwai, na gwada fis, wuta ba ta zuwa soket." Mai sana'ar kirki zai ji daɗin wannan, ka rage masa rabin aiki. In ya ce, "Alhaji, bari kawai mu ja dairek," ka tambaye shi daga ina, kuma ta wane fis. Wayar da aka ja daga batir ko makulli ba fis a kanta, kada ka karɓa komai saurin da kake yi.

In gidan fitilar ne ya fashe za ka nema a kasuwar Panteka ko wurin masu kayan Beljiyam, tafi da tsohon. Samfuri ɗaya kan zo da na Amurka da na Turai, wani siginarsa ja wani ruwan lemo, filoginsu ma kan bambanta. Duba ƙusoshin robar bayansa ba a liƙe suke da gam ba, a kuma gwada shi a motarka kafin ka biya.

Idan kuwa a hanya ta mutu maka da dare, kunna sigina biyun nan na gargaɗi, layinsu daban ne da na ƙaramar wuta, galibi za su kama. Rage gudu, koma hannun dama, ka lallaɓa zuwa gidan mai ko wani wuri mai haske da mutane, kada ka tsaya a kwana ko kan gada. A can ka duba fis. Akwatin kan zo da na ajiya a jikin murfinsa, in babu ari na wurin cajin waya ko na rediyo muddin lambarsu ɗaya. In dole ta sa ka tsaya a bakin titi, sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ka kai alwatikarka mai ƙyalli can baya da nisa. Ganyen da ake zubawa a titi ba ya haske da dare.

Bayan kowane gyara, kafin ka mayar da kafet ka ɗaure notuna, tayar da inji ka sake gwajin haɗaka: ƙaramar wuta, birki da sigina a lokaci guda, hagu sannan dama. Ka tsaya taku goma a baya wani ya taka maka, ka tabbata hasken gefen biyu ɗaya ne, kuma na birki ya fi na ƙaramar wuta ƙarfi a fili. Raunin wayar jiki ba ya nuna kansa da ƙwai ɗaya, sai an ɗora masa dukkansu.